Takardar Gwajin da Na Rufe wa Kwanan Wata

Ina yi wa edita da masu karatu sallama. A farkon shekarun dubu biyu ni dattijo ne da ya haura sittin, mazaunin N'Djamena, jikan mutanen da suka taso daga ƙasar Hausa a ƙafa za su Makka, tafiyar ta tsaya musu a bakin kogin Chari. Kamar ragowar tafiyar tasu na gada, domin a hanya na ƙarar da ƙuruciyata: fatauci tsakanin Kano, Khartoum da Douala, daga baya kuma rakiyar alhazai a matsayin tafinta, tunda ina jin Larabci da Faransanci. Abin da hanya ta koya mini shi ne takarda ke wucewa da mutum. Ina da jakar fata da nake adana kowace takarda mai hatimi, ba na yar da ko ɗaya. Katin rigakafin shawara shekara goma yake yi yana aiki a kowace iyaka, sai na ɗauka duk takardar likita haka take.

An taɓa yi mini aikin kaba, aka yi lafiya. Kafin aikin an ɗibi jinina, an auna zuciyata, an ba ni takardun da a nan ake kira bilan, komai ya fito daidai. Bayan shekara ɗaya da rabi na ɗaga buhun gero a kasuwar Dembé, don kada a ce Alhaji ya tsufa, sai kabar ta dawo a wurinta. Likitan fiɗa ya ce sai an sake aiki, ya kuma ce in je in sake gwaje-gwaje. Ni kuwa aikin Hajji ya matso, akwai ayarin tsofaffin unguwarmu da suka dogara da ni, waɗanda ba su taɓa shiga jirgi ba. Na lissafa kwanakin bin layin gwaji da jiran sakamako, na ga idan na bi ta nan ba zan warke kafin tashi ba.

Ga abin da nake jin kunyar faɗa. Na ciro tsofaffin takardun daga jakata, na tafi wani shagon ɗaukar kwafi a unguwar Klémat, na naɗe kusurwar da kwanan wata yake, aka ɗauka haka. Na kai kwafin asibiti a matsayin sabon gwaji, aka sa ranar aiki. A kan iyakoki na sha ganin kwafi mai dishi-dishi ya wuce, babu mai tambaya. Na ce wa raina jinin nan dai nawa ne, ba a sauya mini shi ba. Alhali na san watanni ke nan ƙishirwa ba ta barina, ina yawan zagayawa, wanduna sun yi mini yawa. Na ɗora laifin a kan zafin garinmu da shayi.

Ana saura kwana biyu aiki aka tura ni wurin likitar da ke sa mutum barci kafin fiɗa, wata mace mai natsuwa wadda ba ta kai ɗiyata ta fari ba. Mai ɗakina ta raka ni, ta zauna a gefe da mayafinta, na kuwa riga na gaya mata ni zan yi magana. Likitar ta juya takardun gaba da baya, ta tambaye ni da Faransanci yaushe aka yi su. Na ce ba a daɗe ba. Ba ta yi musu ba, sai ta ce Baba Alhaji ya hau sikeli. Ta dubi nauyin da ke rubuce a takarda, ta dubi na sikelin, ta yi murmushi ta ce ko dai sikelinta ya lalace, ko kuma na bar rabin jikina a gida. Daga nan ta juya harshe zuwa Larabcin gari, ta tambayi mai ɗakina yadda nake ci da sha.

Nan asirina ya tonu. Mai ɗakina, wadda ba ta jin Faransanci kuma ba ta san abin da na yi ba, ta ce ai ita ta gaji da cika randa. Ta ce har sai da ta sa aka kawo mata babbar randa daga ƙauyen Gaoui saboda ni kaɗai, kuma kafin la'asar na kai ta rabi. Ta ƙara da cewa ta ga kiyashi na taruwa inda na yi fitsari, ta gaya mini, na ce mata yaushe ta zama likita. Ina ta yi mata ido, ita kuwa ta ce in daina harararta, ba a gaban alƙali muke ba.

Likitar ba ta kunyata ni ba. Ta ajiye kwafin, ta yi mini bayani a hankali. Ta ce rukunin jini ne kaɗai ba ya sauyawa, amma yawan jini, sukari, aikin ƙoda da bugun zuciya, duk labarin ranar da aka auna su suke bayarwa. Ta ce ga mai lafiya da ƙuruciya akan karɓi gwajin da ya yi 'yan watanni, amma ga mai shekaruna ba ta yarda da wanda ya daɗe, kuma ko na makon jiya ne, muddin wani ciwo ya shigo tsakani ko jiki ya sauya, ya tashi aiki. Na tuna a Jidda na taɓa yi wa wani alhaji tafinta, aka ƙi karɓar takardun da ya zo da su daga gida, na yi ta mita ina cewa wulaƙanci ne. Ashe ba wulaƙanci ba ne.

Sabon gwaji ya nuna ciwon sukari ya kama ni sosai. Aka ce da an yanka ni a haka, ƙila ciwon ya ƙi haɗewa ya ruɓe, ƙila ma in kasa farfaɗowa yadda ya kamata. Na zauna a bencin asibitin ina ta hamdala, mai ɗakina na riƙe da jakar fatar. Aka ɗage aikin, aka ɗora ni kan magani, aka raba ni da sukarin shayi. Alhazan suka tafi da wani tafinta, suka dawo lafiya, babu wanda ya ɓata don ba na nan. Bayan wata biyu aka sake auna ni, sannan aka yi aikin, na warke sumul. Shekarar da ta biyo na raka ayari da ƙafata.

Har yau ina godiya ga Allah da ya haɗa ni da mata biyu da suka ƙi bin wayona. 'Yan'uwa, musamman tsofaffi irina masu ajiyar takardu, idan za a sake muku aiki ku kai tsohon sakamako don likita ya kwatanta, amma ku bar kwanan watan a fili, ku faɗi duk abin da ya sauya a jikinku, ku bar shi ya yanke ko za a sake gwaji. Jami'in iyaka idan ka yaudare shi, ka wuce. A ɗakin fiɗa kuwa, kanka ka yaudara, domin kai ne za a kwantar. Kwafin nan yana cikin jakata har gobe, randar Gaoui kuma yanzu sai ta kwana biyu ba a cika ta ba.