Takardar da Na Karanta wa Sale Mai Tumatir

Da ana goge rana ɗaya daga rayuwar mutum, da na goge wata Laraba da na karanta takardar da ta fi ƙarfina. Ban taɓa mantawa da ranar ba, mutanen garinmu ma ba su bar ni na manta ba.

Shekara ashirin da biyu na yi ina ba da kati a wani ƙaramin asibiti da ke bakin kanal ɗin ruwan noman rani, tsakanin Kura da Bunkure. Ga wanda bai san aikin ba, mai kati shi ne ke rubuta sunan mara lafiya da shekarunsa da garinsu, ya tura shi ciki. Iyakarsa ke nan. Karatuna firamare ne, aji bakwai. Amma wani ma'aikaci da aka yi wa canjin wurin aiki ya bar farar rigarsa a ƙusa, na ɗauka na riƙa sawa, da biro uku a aljihu. Sai mutane suka fara ce mini Dakta. Ban taɓa cewa ni likita ne ba. Ban kuma taɓa cewa a daina ba.

Abin ya faru da rani, shekarun da wayar salula ta fara shigowa ƙauye. Shugabarmu, Sista Rabi, wadda ke karɓar haihuwa, ta tafi sakatariya karɓo allurar rigakafi. Sai ga Sale, wani manomin tumatir, da matarsa Binta da tsohon ciki. Sista ce ta tura ta babban asibiti a Kano a yi mata hoton ciki, saboda Binta ta ɗan ga jini. Sun dawo da takarda.

"Dakta, duba mana," in ji Sale. "Wai cewa suka yi ta koma a kwantar da ita, aiki za a yi. Ga ta tana cin tuwo malmala biyu, ga tumatir ya nuna. Aikin me?"

Na gyara tabarau. Rubutun likita kamar kaza ta taka tawada, amma kalma biyu sun fito sarai, har an ja musu layi: vasa previa. Mu Hausawa ba mu da harafin nan na farko, ni kuwa na ga ya yi kama da wanda na sani. Na karanta: wasa. Ta biyun kuma ta yi mini kama da kalmar Turancin da muke gani a kati, mai nufin abin da ya gabata.

"Malam Sale, kwantar da hankalinka. Likita da kansa ya rubuta wasa ne. Wasan ma na baya, ya wuce."

Binta ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Amma fa ya ce kada in bari naƙuda ta same ni a gida."

"Haka suke gaya wa kowa," na ce. Wannan jumlar ce ta fi damuna har yau.

Sale ya yi ta sa mini albarka, suka tafi.

Bayan azahar Sista ta dawo. Ina shan shayi nake ba ta labari, da alfahari, cewa likitocin Kano yanzu har barkwanci suke rubutawa a takarda. Ta ajiye akwatin allura.

"Malam Idi, rubuta mini abin da ka gani."

Na rubuta. Ta duba takardar, ta dube ni, ta yi salati.

"Ka san tiyon da manoma ke shimfiɗawa ya ƙetare hanya? Mota ta zo, me ke faruwa?"

"Ta fasa shi, ranki ya daɗe."

"To jijiyoyin jinin jariri a cikin cibiya da mabiyiya suke a ɓoye. Na ɗan Binta sun fito fili, sun gitta bakin mahaifa, inda ɗan zai bi. Ranar da faya ta fashe, su ma su tsinke. Jinin da zai zuba ba na uwa ba ne, na ɗan ne, kuma duk jinin jikinsa bai wuce kofin shayin nan naka ba. Uwa tana zaune garau, ɗa ya tafi kafin a tayar da mota. Abu ne da ba kasafai ake gani ba, ni a littafi kawai na san shi. Maganinsa ɗaya, a ciro ɗan kafin naƙuda. Tashi ka nemo su."

Sale ba shi da waya. Na hau keke na bi gefen kanal, farar riga na kaɗawa. Daf da gonarsa akwai wani katako da aka gitta a kan ƙaramar magudana. Na ce zan wuce ba tare da na sauka ba. Keke ya wuce, ni ban wuce ba. Na fito da laka har kunne, biro uku sun bi ruwa, masu tsinkar tumatir kusan talatin sun bar kwanduna suna kallo.

"Dakta, yau kifi ake yi wa allura?" wani ya ce.

Na gaya wa Sale ya ɗauki Binta su koma Kano yanzu. Ya ƙi.

"Ɗazu ka ce wasa ne. Wane Daktan zan bi, na safe ko na yamma? Na safen ya fi tsabta."

Aka kwashe da dariya. Na ga ba abin da zai motsa shi sai abu ɗaya. Na tuɓe rigar na ajiye a kan kunyar tumatir.

"Sale, ni ba likita ba ne. Aji bakwai na yi. Rigar nan ma tsintar ta na yi. Kalmar ba wasa ba ce, ban iya karanta ta ba ne, na ji kunyar faɗa. In faya ta fashe a gida za ku rasa ɗan, kuma ni ne sanadi."

Wani dattijo ya ce, "Ashe basir ɗin da ka ce ina da shi..." Sale bai tsaya jin ƙarshen ba, ya bar kwanduna ya nufi gida da gudu.

Kafin la'asar sakaliya Sista ta raka su a motar haya. Aka kwantar da Binta mako biyu, aka yi aikin, aka ciro 'ya mace lafiya. Ni kuma aka ba ni takardar gargaɗi, wadda na karanta daidai, kalma bayan kalma. Daga ranar sunana ya koma Dakta Wasa, har jikokina sun gaje shi.

Abin da na koya shi ne, a asibiti wanda bai sani ba ba shi ne abin tsoro ba, sai wanda mutane suka yarda ya sani. Ku da ke kan teburin kati yanzu, ina roƙonku kada ku yi irin tawa. Mai ciki in aka ce ta koma, ku taya ta komawa. In aka miƙo muku takardar da ba ku gane ba, ku ce ba ku gane ba, ku kai ta ciki. Kunya ce kawai. Ni na sha ta a gaban mutum talatin da jiƙaƙƙen wando, ga ni nan da raina.