Alkubus ɗin Sinawa da Naman Inna

Ana idar da sallar asuba muka bar Kazaure, ni da ƙanena, a bayan akori-kura mai zuwa Roni. Ba yawo ya fitar da ni ba. Innarmu ce ta tashi daga zazzaɓi duk ta rame, malamin asibiti ya ce lallai ta riƙa cin nama da ganye. To Inna kuwa, ko tsoka ɗaya ka sa mata a kwano, jika za ta kira ta miƙa masa. An yi faɗa, an yi lallashi, a banza. Ni kuma ba a kayar da ni a harkar girki.

Hanya duk duwatsu, direba yana ta jijjiga mu kamar buhunan gyaɗa. Tun da naira ta shigo kowa ya tsauwala, har mai fura a tasha yanga take yi.

Da hantsi muka isa sansanin wasu Sinawa masu haƙa rijiyar burtsatse, inda ɗan kawunmu yake aikin kuku. Shi ya ba ni labarin abincinsu tun kwanakin baya, shi ya sa na zo in koya. Mutane ne 'yan sirara, amma wuni suke suna ɗaga ƙarafa. Ɗan kawun namu ya buɗe wata tukunya mai hawa-hawa irin madambaci, tururi ya tashi. Ashe alkubus ne fari tas, an naɗe nama a cikinsa!

Na ce, "Tsaya tukuna, naman mene ne?"

Ya ce, "Haba Yaya, rago ne, da hannuna na yanka."

Na gutsura. Laushi ba a magana, ko marar haƙori ya ci. Ƙullin alkama na riƙe ciki, nama na mai da jiki, ga kabeji da albasa, kuma ba a soya ba balle maiƙo ya dami marar lafiya. Wani dattijonsu ya kama yatsuna yana koya mini naɗin bakin alkubus ɗin. Na farkon da na naɗa ya fashe, dattijon ya yi ta dariya. Kafin azahar na fi ɗan kawun namu iyawa.

Magariba ta yi mana a gida. Washegari na daka nama, na sa zogale maimakon kabeji, na turara. Yara suka yanyame ni, na ba kowa nasa don su ba ni wuri, sannan na kai wa Inna.

Tana ɓarawa ta ga naman.

Ta ce, "Ke 'yar nan, ni za ki yi wa wayo?"

Ta ƙwala wa jikoki kira. Suka shigo baki cike, kowa na ɗaga nasa. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta rasa wanda za ta ba. Sai ta yi bisimilla ta cinye tas. Wallahi sai da na yi ƙwalla.

Na je har Roni koyon ɓoye nama, ashe ba ɓoyo Inna take bukata ba. Ba ta iya haɗiya ne sai ta ga kowane yaro da nasa a hannu.