Ruwan da Kawu Ya Sha a Gidan Surukai

Kano zuwa Kwanar Dangora

Ana idar da sallar asuba na nufi tasha, raina a ɓace. Kawu Isiyaku, ƙanin mahaifiyata, ya aiko cewa ma'aikatan tsafta na neman rabin lambunsa za su haƙa tafkin tace ruwan ƙazanta, in zo in taya shi faɗa. Aka cusa mu biyu a kujerar gaba, giyar mota na dukan gwiwata har Kwanar Dangora. Can na karya da koko da ƙosai, na canza mota.

Garin su Kawu

Da hantsi na sauka, gaba da Tudun Wada kaɗan. Ko zama ban yi ba Kawu ya ja ni lambu. Ruwan wanka da wankin gari, har da jinin mahauta, lambatu ɗaya ke kwaso su, ya ratsa lambun ya faɗa rafi. Da shi Kawu ke ban ruwa, bai taɓa sayen taki ba. Kabejinsa kuwa sai wanda ya gani.

"Dubi ganyen nan!" in ji shi. "Wai a tsare ruwa datti ya kwanta, ya bi ta yashi kafin ya shiga rafi. Ai ruwa mai gudu shi ke wanke kansa."

Na gyaɗa kai, hannuna a hanci. Tausayinsa na ji sosai, don lambun nan ne cinsa da suturarsa.

Ya ce kafin mu ga ma'aikatan, mu je dubiya. Jikarsa ce ba lafiya, 'yar Hajara, 'yarsa ta fari da ke aure a ƙasan rafin, wajen Tiga. Saboda kunya bai taɓa taka gidan ba, ko sunanta ba ya faɗa.

Ƙauyen ƙasan rafi

Mu biyu muka hau acaɓa ɗaya, hanya duk yashi, sau biyu muna sauka mu tura. Malam Buba, uban mijin Hajara, ya shimfiɗa mana tabarma aka yi doguwar gaisuwa. Aka fito da yarinyar a kafaɗa. Gudawa ta tsotse ta, idanunta sun faɗa.

Sai ga ruwa a sabon kwano, an kawo wa baƙi. Kawu ya yi bisimilla ya kai baki, sai na ga hannunsa ya tsaya. Warin da yake yini a cikinsa kullum ne ya tarye shi.

"Wannan kuke sha?" ya tambaya a hankali.

"Shi ne, Malam," in ji Malam Buba. "Rijiya ta ƙafe, sai rafi. Wannan ma don ku aka tace da sabon ƙyalle."

Ba a mayar da ruwa a gidan surukai. Ni dai leɓe na jiƙa na ajiye. Kawu kuwa ya rufe ido ya shanye tas, ya ce alhamdulillahi.

Komowa

Muka hau acaɓa muka dawo. Muna sauka ya zarce lambu, ya hau tuge kabeji daga bakin lambatu, ko naɗewa ba su gama ba.

"Kawu, ka bari su ƙosa mana!"

"Jeka ka ce wa ma'aikatan nan su zo da ma'auninsu," ya ce, bai ɗago ba. "Uwar yarinyar nan da kuɗin kabejina na aurar da ita. Ashe da shi nake kashe mata 'ya."

Na je na kira su, na bar su suna kafa turaku. Da la'asar na sami motar Kano, na iso gida ana kiran magariba. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, ina kuma roƙon ya tashi kafaɗar yarinyar nan kafin a gama haƙa tafkin.