Tafin Hannu a Bakin Rumbu

A gidan mijina mace ba ta leƙa rumbu. Na tarar da dokar nan ranar da aka kawo ni, kamar yadda na tarar da turmi da randa. Sai da na shekara uku na tambayi uwar mijina, wadda nake kira Inna, dalilin haka. Ta ce idon mace yana kwashe albarkar hatsi. Na ce to hannun macen da ke surfe da daka da tuƙi fa, shi ba ya kwashewa? Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Madam, nan ba lakwal ba ne." Haka take kirana in na ɓata mata rai, don ina koyar da yara a wata makaranta nan cikin Matameye, kuma a ganinta bakina ya fi ƙarfin gidan aure.

Kowace kaka abu ɗaya ake yi. A yanke gero, a ɗaure dammuna, amalanke ta yi ta jigila daga gona. Maigida ya ware abin da za mu ci da rani ya jibge a ɗakin ajiya, sauran ya zuba a babban rumbun ƙasa da ke bayan ɗakin Inna, har da zangarniyar da ya zaɓa don iri. Wannan shi ne abincin damina, lokacin da hatsi ke tsada kuma noma ke cin ƙarfin mutum. Sai ya hau tsani ya rufe bakin rumbun, ya shafe da laka, ya danna tafin hannunsa na dama tun tana ɗanya, ya mayar da jinka. Bayan kwana uku ya rataya jaka, ya bi motar Ɗan Barto ya tsallaka Najeriya, sai Ikko, inda yake sayar da shayi har saukar ruwan farko. Ranar da ya dawo kuwa, kafin ya sha ruwa sai ya hau ya duba hannunsa. In yana nan yadda ya bar shi, to gida lafiya.

A shekarar da nake ba da labari sanyi ya sauko da wuri, itace ya yi wuya. Na sa aka kawo mini karan gero amalanke guda don ɗumama ruwan wanka, awakin maƙwabta suka sa shi gaba. Ni kuma da wayona sai na cusa karan ƙarƙashin rumbu, tsakanin duwatsun da yake zaune a kai, na cika wurin taf. A Damagaram na girma, gidan ma'aikaci, inda hatsi ke zuwa a buhu. Ban san da gangan ake barin ƙarƙashin rumbu wayam ba. Inna kuwa idonta ya fara rauni, ba ta lura ba.

Ƙarshen Disamba aka ba mu konje, hutun makaranta. Abokan aikina duk suka watse, wasu Damagaram, wasu ƙauyukansu, kowa zai yi bonane, bikin sabuwar shekara, da danginsa. Ni na zauna gida da niyyar in yi wanki, in yi kitso, in gyara kaye, wato littattafan rubutun ɗalibaina, in shanya bayana a rana ina shan rake. Safiya ta biyu na ga kajinmu duka sun taru a gindin rumbu suna tsattsaga, na watsa musu tsaki ba su ko waiwayo ba. Na durƙusa na jawo kara ɗaya. Ya zo hannuna ba nauyi, cikinsa cike da ƙasa. Na jawo wani, shi ma haka. Da na kwashe na gaba sai na ga hanyoyin gara sun bi karan sun hau, jajaye, sun manne da gindin rumbu sun shige ciki.

Na ɗora kunnena a jikin rumbun. Wallahi na ji su. Wani ɗan ƙas-ƙas ne da ba ya tsayawa.

Na kira maigida, waya a kashe. Na sake kira har batir ya kusa mutuwa. Na nemi wani ɗan unguwarmu da suke zama tare a Ikko, ya ce an sace wayar maigida satin da ya wuce, kuma ya koma wata unguwa mai nisa da teburinsa, amma zai aika masa. Na ce yaushe? Ya ce in Allah ya yarda. Na san irin wannan amsar.

Sai na kira wan mijina da ke zaune a Kurni, wanda shi ne babba a gidan tun rasuwar mahaifinsu.

"Yaya, gara ta shiga rumbu."

"Wa ya gaya miki?"

"Na gani da idona, na kuma ji da kunnena."

"Kin leƙa ne?"

"Ban leƙa ba. Daga ƙasa na gani."

"To ki zuba toka a gindin. Ina tsakiyar yankan rake, ma'aikata na lambu, ba zan bar su ba. Sati mai zuwa in na samu sarari zan shigo. Kada wanda ya taɓa rumbun nan, kin ji ko?"

Na ce na ji. Na kwashe karan duka na ƙone, na kankare hanyoyin garar, na zuba toka. Washegari na tarar sun sake gina wasu.

Na sami Inna tana jin ɗumi a bakin murhu, na gaya mata komai, har da cewa ni na cusa karan. Ta daɗe tana juya hannuwanta a kan wuta.

"Kin yi ɓarna," ta ce. "Kada ki ƙara wata a kai."

"Inna, abincin damina ne. Irin shuka ma yana ciki."

"Na sani. Shekara hamsin ina cin hatsin rumbun nan, ban san kalar cikinsa ba. Uwar mijina ma haka ta mutu. Ke ce za ki fara?"

"To mu zauna mu zuba ido gara ta cinye?"

"Mu jira maza."

Kwana uku na jira maza. Ban taɓa yin hutu mai ɗaci irin wannan ba. In na ɗauki kaye zan gyara, sai in ga na karanta layi ɗaya sau biyar. In na zuba tuwo, ina ci ina tunanin garar ma can tana ci. Kowace safiya in je in ɗora kunne, kowace safiya ƙarar ta fi ta jiya, ko kuwa tsorona ne ya ƙaru, ban sani ba. Na ji haushin Yaya da rakensa, na ji haushin maigida da ya bar waya a inda ɓarawo zai gani, na ji haushin Inna. Amma wadda na fi jin haushi ita ce ni. Kuma na san abin da ke jirana in na hau: a unguwarmu an taɓa sakin mace a kan haka, har yau in ana zancenta ba a cewa komai sai wadda ta fasa rumbu.

Rana ta huɗu, da hantsi, na ɗaura zane a kan wando na jingina tsani. Ban yi a ɓoye ba. Inna tana zaune a tabarma tana jan carbi, ta ji ƙarar tsanin, ta ɗago kai.

"Ke ƴar nan, sauko."

Ban sauko ba. Na ture jinkar ta faɗi gefe. Ga tafin hannunsa nan a busasshiyar laka, yatsu biyar, har da alamar tabon da lauje ya yi masa a babban yatsa. Na zo da wuƙa don in yanko shi ɗungurungum in ajiye, wai ko zai rage mini laifi. Ina sa wuƙar ya tsage biyu.

Na ɗaga murfin na leƙa. Gero ne lafiyayye, dammuna a jere, tsaf, ko ƙwaro ɗaya babu. Na ce shi ke nan, na kashe aurena a banza.

Da yake na riga na fasa, sai na shiga. Na ɗaga damin farko na ɗora a baki, na ɗaga na biyu. A layi na uku na ji warin rima. A na huɗu na cusa hannu don in kamo igiyar dami, sai hannuna ya nutse cikin ƙasa mai laushi har gwiwar hannu. Na zaro shi fari fat da gara, suna cizona. Na yi ihu, ba don zafi ba.

Da na miƙe na leƙo waje, Inna tana tsaye a gindin tsani da sandarta. Na miƙo mata hannun yadda yake. Ta matso da fuskarta kusa, ta daɗe tana dubawa. Na jira zagi.

"Jefo," ta ce.

Na yi ta jefowa, tana ja da hannu ɗaya tana kaiwa rana. Tsohuwar da sai an kama ta take tashi daga tabarma, ranar nan ita ta shimfiɗa dammuna tsakar gida har babu wurin taka ƙafa. Na ƙasan duk sun zama ƙasa, da kwarya na riƙa kwaso su. Wajen kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Irin shuka yana sama, ya tsira.

Matan maƙwabta sun ga kaina a bakin rumbu ta saman katanga, don haka ban yi mamaki ba da na ji babur ya tsaya a ƙofar gida bayan la'asar. Mutumin da ba shi da sarari sai sati mai zuwa, ga shi ya samu cikin yini ɗaya. Yaya ya shigo ya tsallake dammunan bai dube su ba. Ya wuce gindin rumbu ya tsinci ɓarin lakar nan biyu, ya haɗa su a tafinsa.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni na sa ta," in ji Inna.

Da na yi shiru da maganar ta mutu a nan, don ba zai ɗaga wa uwarsa murya ba. Amma bakin nan nawa.

"Inna ba ta sa ni ba, Yaya. Hana ni ta yi. Ni na cusa karan da ya jawo garar, ni kuma na hau. Ga abin da na tarar." Na tura masa kwaryar da ƙafa.

"Rufe mini baki, Madam," in ji Inna.

Yaya ya dubi kwaryar, ya kau da kai. Ya ce shi ba zai ce komai ba, mai rumbu da mai mata mutum ɗaya ne, shi zai yanke. Bayan kwana uku da hatsin ya sha rana, ya dawo ya ƙona ciyawa cikin rumbun, ya lilliƙe gindin, ya zuba toka da ganyen bedi, wato dogon yaro, ya mayar da dammunan, ya shafe bakin ya danna nasa hannun.

Ranar bonane da rana wayata ta yi ƙara, baƙuwar lamba ta Najeriya. Muryar maigida ce, ko gaisuwa ba mu gama ba.

"An ce an buɗe rumbu."

"An buɗe. Gara ce ta..."

"Wa ya buɗe?"

"Ni."

Na ji ƙarar motoci a bayansa, na ji wani yana neman shayi. Sai layin ya yanke. Har yau ban sani ba ko kuɗin wayar ne ya ƙare ko shi ya kashe. Bai tambayi nawa ya tsira ba. Wata biyar na yi ina zuwa lakwal ina dawowa, duk wanda ya zo daga Ikko ya yi sallama a ƙofa sai gabana ya faɗi, in ce takardar sakina ce aka kawo.

Maigida ya dawo da ruwan farko. Ya hau tsani ya daɗe yana kallon hannun wansa, ya sauko ya sha ruwa. Da irin nan aka yi shuka. Geron nan muka ci har sabo ya nuna, shi da ni da Inna da yaranmu. Bai sake ni ba, bai yi mini faɗa ba, bai kuma ce sannu ba. Na fi son a yi faɗan a gama, amma ba a ba ni ba.

Da kaka ta zagayo sai ga shi da murfin ƙarfe daga wurin mai walda, da ƙaton kwaɗo. Ya zuba hatsi, ya rufe, ya datse, ya jefa makulli a aljihu ina tsaye ina kallo. Wannan ita ce amsar da na jira shekara guda. Na shiga ɗaki na yi kuka na haushi, na wanke fuska na fito na haɗa masa guzuri.

Ranar da ya bi motar Ɗan Barto, ina zaune ina tsince wake, Inna ta lallaɓo da sandarta ta tsaya a kaina. Ta kwance bakin zanenta, ta saki wani abu cikin faifan. Makulli ne ƙarami, sabo.

"Uku ne suka zo da kwaɗon," ta ce. "Na ce ya bar mini ɗaya. Ni ba na iya hawa tsani."

Na buɗe baki zan yi magana.

"Kada ki gaya mini inda za ki ajiye shi," ta ce, ta juya ta koma bakin murhu.