Idon da Ƙungiya Ta Sa Mana

Wata Juma'a ce bayan an kai gero rumbu, shekarar da nake aji bakwai karo na biyu, don malamai sun ji daɗin zama da ni sun ƙi sakina. Ana sallame salla Alhaji Mamman mai goro ya miƙe, ya saɓa hannun babbar riga, ya ce ƙungiyar fataken garinmu za ta ɗauki yaro guda ta kai shi kwaleji, ta biya komai har akwatin ƙarfe da takalmi. Amma fa ba jarrabawa kaɗai za a duba ba. Sun sa mutum a cikin gari, ba za su faɗi ko wane ne ba, zai riƙa kallon halinmu har saukar ruwan fari. "Yaron kirki muke nema, ba mai kai kawai ba," in ji shi. Ni dai na san ba ni da ko ɗaya, amma akwatin nan ya shiga raina.

Daga ranar garinmu ya cika da waliyyai. Yaran da ke tsinke wa jaki dabaibayi suka koma gaishe da tsofaffi har ƙasa. Danƙon harbin tsuntsu ya ɓace, langa ma sai a bayan makabarta muke yi, ƙasa-ƙasa, kowa na waiwaye. Kanyar gidan liman ta nuna har ta zube ba wanda ya taɓa, abin da bai taɓa faruwa ba tun da na yi wayo. In na kai taki gona a kan jaki, sai na bi ta kasuwa don a gan ni da gumi. In Inna ta aike ni rijiya, nakan ɗebo har da na tsohuwar maƙwabciyarmu, ina ajiye tulun da ƙarfi yadda za a ji a zaure uku.

Wanda na fara zargi shi ne Tanko wanzami. Kowane gida yana shiga, kuma duk wanda aka dafe wa kai sai ya saki baki. Na liƙe masa, ina ɗaukar masa zabira, ina wasa aska, ina share gashi. Ladana ɗaya, duk mako sai ya ƙwaƙule min kai tas har yara suna duba fuskarsu a ƙeyata. Da na ga bai san ma sunana daidai ba, sai na koma kan makahon da ke tufkar igiya a ƙofar masallaci. Raina ya ba ni yana gani sarai. Na yi ta yi masa jagora zuwa inda bai ce zai je ba, har ya kai ƙarata wajen Baba. Daga baya ladan na zarga, sai mai tsire, har kakata sai da na fara kallonta a kaikaice.

Abin mamaki, da aka yi jarrabawa lissafi ya cece ni, saboda na saba ƙwarar yara a cinikin goruba. Hedimasta ya kira ni ya ce mu biyu muka rage, ni da Sale ɗan mai ƙosai, yana faɗa yana kallona kamar an yi kuskure. Saura abu guda a tsarin ƙungiya, dattawa su je su ji ta bakin uban yaro. Bayan la'asar biyu daga cikinsu suka yi sallama a gidanmu. Baba ya shimfiɗa musu tabarma a zaure, ya kore ni yankan ciyawa, alhali awakin sun ƙoshi. Ina dawowa suna fita. Ba wanda ya dube ni, su da suka shafa kaina da za su shiga.

Juma'a ta zagayo aka kira sunan Sale. Da yamma Baba, wanda ciwon baya ya fara hana shi sunkuyo, kuma ni kaɗai ne ɗansa namiji, ya miƙo min sabuwar garma da maƙeri ya ƙera daidai hannuna, da hula mai aiki. Baba bai taɓa saya min abu ba sai da salla. Na tambayi Hedimasta me idon ƙungiya ya gani a kaina. Ya ce, "Ba wanda ya kawo laifinka. Gida za ka tambaya." Ban tambaya ba. Na yi noma, na yi tallan goro, na bi mota, har Baba ya rasu maganar tana bakina.

Yanzu ina Dubai, ina kwana a unguwar Abu Hail, ina ɗaura wa mutanen Kano kago, wato kayan da ake aika musu gida. Ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa a nan ita ma tana biya wa yara jami'a, sai dai komai a waya ake yi, a tura sakamako, a yi hira ta bidiyo da mutanen da ba su taɓa ganin yadda yaro ke gaisuwa ba. Ni har yau ban yarda cewa babu sa hannu a ciki ba. Bana suka zaɓi jikana Mubarak, wanda shi ne idona a shago, shi ke karanta min takardun kwantena, shi ke ciniki da Larabci da Turanci ina gefe ina gyaɗa kai kamar na gane. Sakataren ƙungiya ya same ni a unguwar Port Saeed ta nan Dubai muna lodi, ya ja ni gefe ya ce, "Baba Alhaji, in ya tafi, shagon fa? Sai ka amince za mu sanar."

Na ce khalas, shi ke nan, Mubarak ya tafi karatunsa. Amma kafin bakina ya buɗe sai da na daɗe ina kallon kwalayen nan da ban iya karanta ko ɗaya daga cikinsu ba, bayana yana sara. Har yau ban daina zargin Baba ne ya hana ni tafiya ba, haushinsa ne dai ya fita daga raina.