Ƙwaryar Kaka da Silimar Karto

Gidanmu na unguwar Kalley ɗaki uku ne da zaure, da itacen dogon yaro ɗaya a tsakar gida. Baba komi ne, wato akawu, a gidan waya. An kawo shi aiki Yamai daga Tawa gab da samun 'yancin kai, ya taho da Inna, da ni, da mahaifiyarsa Kaka Hajo. Ni Dije, lokacin da nake ba da labarinsa ina da shekara goma, ina zuwa lakwal, wato makarantar boko, da sabuwar tuta a kan sanda a filinmu.

Sana'ar Kaka suyar gyaɗa ce. Da an sallame magariba sai ta ɗora kasko a murhu, ta zuba yashi, ta jira ya ɗau zafi. Idanunta sun riga sun yi rauni, don haka da hanci da kunne take gane gyaɗa ta soyu. A nan muke taruwa, ni da 'ya'yan maƙwabta, yawancinsu Zabarmawa, waɗanda rabin Hausarsu a bakin kaskon nan suka koye ta. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke yi. Cewa take, "Ga baƙuwa a ƙofa, wa zai ba ta tabarma?" Mu kuma mu ce, "Ta shigo ta zauna." Sai ta fara, tana juya yashi da guntun ƙwarya, tana yin shiru a inda ta ga dama, har sai ɗayanmu ya kasa haƙuri ya ce, "Sai kuma me?"

A shekarar ne ƙanen Inna, Kawu Mamman, wanda ke ɗinki a gefen Babbar Kasuwa, ya kai ni silima ranar Sallah. Fili ne mai katanga ba rufi, da bencina, da wani farin bango a gaba. Da haske ya fito daga ramin da ke bayanmu ya sauka a bangon, sai ga dawakai sun taso mana. Na ƙanƙame hannun Kawu. Ban ji ko kalma ɗaya daga abin da suke faɗa ba, amma na ga fuskar mutum ta cika bango, har ina iya ƙirga gashin girarsa. Na dawo gida kaina yana juyawa. Tun daga ranar son fim ya shige ni, kuma har yau da nake da jikoki bai fita ba.

Kwana biyu bayan haka muna bakin kasko, Kaka ta tambaya wa zai ba baƙuwa tabarma. Ni kuwa ina can ina ba yara labarin dawakai. Ta sake tambaya. Sai na juyo na ce mata, "Kaka, tatsuniyarki ba ta da hoto. A silima ana ganin kome da ido."

Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "To." Ta ci gaba da juya gyaɗarta. Daren nan ba a yi tatsuniya ba, haka gobe, haka jibi. Yaran maƙwabta suka riƙa zuwa suna zama kaɗan su tashi. Kaka tana suya, tana amsa gaisuwa, amma baƙuwa ba ta sake zuwa ƙofa ba. Da aka yi mako guda, Inna ta kira ni ɗaki ta ce, "Dije, tsohuwar nan ba ta ganin fuskarki sosai yanzu. Muryarku ce take gani da ita. Kin je kin gaya mata abin da ba ta da shi. Ki san yadda za ki yi."

Da magariba na je na durƙusa kusa da murhu na ce ta yafe mini. Ta ce, "Mi kika yi mini, ƙawata? Zauna. Tunda kin ga abin da ban gani ba, ba ni labarinsa."

Na zage na ba ta. Wannan ya harbi wancan, wancan ya faɗo daga doki, jarumin ya bi su har cikin duwatsu. Ta bar ni na yi nisa, sannan ta ce, "Wanda ya faɗo daga dokin, wa ya je ya ɗauke shi?"

Na ce ba a nuna ba.

"Uwarsa fa? An gaya mata?"

Na ce shi ma ba a nuna ba.

Ta ce, "Ashe ba kome ake gani ba." Ta kwashe gyaɗa ta zuba sabuwa, sannan ta ɗaga kai wajen zaure. "Kamar na ji baƙuwa a ƙofa."

Tatsuniyar da ta yi mana a daren nan ban taɓa jin ta a bakin kowa ba, kafin nan ko bayan nan. Ta ce a wani gari akwai wata mata mai zanen ƙwarya da wuƙa mai zafi, ba wanda ya kai ta hannu. Tana da ɗiya ɗaya, Kande. Wata shekara rijiyar garin ta fara janyewa, guga yana fitowa da laka. Dattawa suka leƙa suka tambayi aljanar rijiyar abin da aka yi mata. Ta ce ba a yi mata kome ba, kewar ƙasarsu ce ta dame ta, kuma in ba a kawo mata ƙwaryar da za ta duba ta ga gida ba, za ta kwashe ruwanta ta tafi.

Aka ɗora wa mai zane aikin. Ba ta san ƙasar aljanu ba, sai ta ce bari ta zana duk abin da ke duniya, ko a dace. Ta zana kasuwa, da raƙuma, da itatuwa, da taurari, ba ta bar wurin da yatsa zai zauna ba. Aka zura ƙwaryar da igiya. Ta dawo da saƙo: "Kyakkyawa ce, amma ƙasarku ce." Ta sake wata da ta fi ta farko cika, har da tururuwa a gindin itace. Ita ma aka maido ta. Ruwa kuwa sai ƙara nisa yake.

Ana cikin haka Kande ta kwanta da zazzaɓi. Uwar ta ɗauki ƙwarya ta uku ta zauna a bakin ƙofar ɗaki, kunnenta yana ciki. Ta ja layi ɗaya, ta zana tsuntsu ɗaya a kansa, sai yarinyar ta kira ta. Ta ajiye wuƙa ta shiga. Da safe dattawa suka zo, suka tarar da ƙwarya kusan wayam, suka ɗauka don ba su da wata. Aljanar ta daɗe tana duban farin wurin da ba a taɓa ba. A ciki ta ga tafkinsu, da gidansu, da uwarta tana shanya. Ta yi ta kuka, hawayenta suka cika rijiyar har baki, garin ya sha.

Kaka ta ce, "Baƙuwa ta naɗe tabarmarta."

Na ce, "Kande fa? Ta warke?"

Ta ce, "Ban faɗa ba."

"To ki faɗa mana."

"Gyaɗa za ta ƙone," in ji ta, ta juya ga kaskonta.

Abin ya tsaya mini a rai. Kuma har lokacin ina jin nauyin maganar da na yi mata. Sai wata dabara ta zo mini. Na roƙi Kawu Mamman wani tsohon karto, wato kwali, da almakashinsa na biyu. Kwana huɗu ina yanka bayan lakwal: mai zane da wuƙarta, dattawa uku, rijiya, aljana mai dogon gashi da na yi da zaren buhu, da Kande a kwance. Na liƙa kowanne a jikin tsinken kara. Na ari farin zanen Inna na ɗaure tsakanin dogon yaro da ƙusar bango, na ajiye fitilar kwano a baya. Na lura Kaka, duk da raunin idonta, tana bambance haske da duhu, tana gane mutum in ya gitta ta gaban wuta. A kan wannan na dogara.

Ranar Asabar bayan magariba yara suka cika tsakar gida. Baba ma ya fito da kujerarsa, yana cewa ya zo shan iska ne. Na sa tabarmar Kaka dab da zanen. Kan dattijo ɗaya ya karye tun a fitowar farko, yara suka yi ta dariya. Kaka ta matso da fuskarta har ta kusa taɓa zanen. Ta ce, "Wannan mai gashin ita ce aljanar? Kin ba ta ƙiba da yawa. Mai kewa ba ta cin abinci." Da aka zo wurin ƙwarya ta uku ina sauri, sai ta ce, "Dakata. Bar ta ta zauna tukuna." Na tsayar da hannu. Inuwar matar ta tsaya a bakin ƙofa ba motsi, tsakar gidan ya yi tsit, ba a jin kome sai ƙarar fitila. Ranar na fara sanin abin da tsayawa take yi wa mai kallo.

Da rijiya ta cika, ban tsaya inda Kaka ta tsaya ba. Na kama tsinken Kande, na ɗaga ta a hankali ta zauna, ta miƙe, ta taka zuwa wurin uwarta. Yara suka tafa. Kaka ba ta tafa ba. Na ɗauka na sake yin laifi. Can sai na ji muryarta ƙasa-ƙasa: "Sake."

Na kwantar da Kande na sake tashe ta.

"Sake, ƙawata."

Sau uku na yi. Sannan ta goge fuska da bakin mayafinta ta ce, "Ya isa. Allah shi yi miki albarka." Da na leƙo ta gefen zanen, na ga kujerar Baba ba kowa, ya shige ɗaki.

Tatsuniya ta dawo gidanmu, ta ci gaba har shekara uku, zuwa rasuwar Kaka. Amma ta ƙwarya ba ta sake yin ta ba, ni ma ban sake roƙo ba. Sai bayan na yi aure, na fara aikin sajfam, ina karɓar haihuwa, wata rana na tuna wa Baba silimar karto muna dariya. Dariyarsa ta tsaya. Ya ce yana da ƙanwa, sunanta Kande. Shekarar wani fari, suna yara, Kaka ta taso da su daga ƙauye da ƙafa za su Tawa, zazzaɓi ya kama yarinyar a hanya, aka binne ta kusa da wata rijiya. Ya ce tun daga ranar bai ƙara jin sunan a bakin mahaifiyarsa ba sai a daren tatsuniyar nan, yana zaure yana saurare.

Na kalli fina-finai da yawa a rayuwata, a bango, a telebijin, yanzu kuma a waya. Waɗanda suka zauna mini su ne masu barin wuri, inda ake nuna bayan mace tana wanke kwano, a bar ka ka san da kanka cewa kuka take. Masu cika ido da kunne kuwa, kafin in iso gida na manta su. A wurin aiki ma darasin ya bi ni. Na tsaya a kan mata da yawa da suka fito ɗakin haihuwa hannu wayam, kuma na koyi cewa zama kusa da su shiru ya fi duk jawabin da zan iya haɗawa. Shekaru da yawa ina ɗauka wannan shi ne dukan abin da Kaka ta koya mini.

Ban zama mai yin fim ba. Aiki da 'ya'ya suka cinye shekarun. Amma ina da kaye guda, littafin rubutu irin na 'yan lakwal, da na rubuta fim ɗin ƙwarya a ciki, fage bayan fage, na goge na sake ba adadi. Yanzu da na huta da aiki, jikata Nafisa, wadda ta iya ɗaukar hoto da haɗa shi, ta ce mu yi shi bayan damina. Ta samo tsohuwar rijiya a bayan unguwar Yantala, ta samo wata mai zanen ƙwarya da ta yarda ta fito. Da ta karanta kayen ta tarar shafin ƙarshe ba rubutu.

Ta ce, "Hajiya, a ganina mu tsaya a rijiyar. Kada a nuna yarinyar. Ai abin da labarin yake koyarwa ke nan, a bar wa mai kallo."

Gaskiyarta. Da wani ne ya yi fim ɗin, ni ma abin da zan ce ke nan. Na kwana biyu ina juya maganar. Kaka ta san darajar farin wuri fiye da kowa, ita ta koya mini shi. Amma ita ɗin ce kuma, da aka cika mata shi sau ɗaya da hannun yarinya da guntun karto, ba ta ce na ɓata mata labari ba.

Na kira Nafisa na ce ta nemo mana yarinya 'yar shekara biyar wadda ba ta tsoron kyamara.

Ta ce, "Za a nuna ta ke nan?"

Na ce, "Za a nuna ta. Za ta tashi, ta taka da ƙafarta har wurin uwarta. Kuma kada ki yi sauri a wurin."