Bodin Ɗin Hadiza

Ina shanya albasa a tsakar gida saƙon ɗiyata Hadiza ya shigo: "Inna, mun fara bodin."

Na bi shi baƙi-baƙi, yadda aka koya mana a ajin manya. Mu a Wurno bodin makarantar kwana ce. Yarinyar da za ta Legas karatun jinya, yau ne hawanta jirgin sama na farko, wa ya tsare min ita ta kwana cikin baƙi?

Na kira ta.

"Ke Hadiza, mi ya faru? Wa ya ce ki kwana nan?"

Ta tuntsire da dariya. "Haba Inna! Bodin shiga jirgi ne. Ga ni bakin taga, ina kallon fiffikensa."

"To in kun biyo ta saman gulbinmu na Rima, ki leƙo."

"Inna, Legas kudu take!"

Can da la'asar wani farin gajimare ya taso daga arewa, wajen Goronyo, yana tafiya a hankali. Na san ba hanyarsu ba ce, amma na ɗaga masa hannu.

Iyaye mata, wace kalmar Turanci ta taɓa tsinka muku zuciya haka?